Wace kalma za mu kira baƙon kifin da ya ƙwace kogi?

Jama'a, masu fassara da malaman kimiyya, ina neman mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da Turawa ke ce wa invasive species, wato halittar da aka kai wurin da ba nata ba ta yaɗu tana ɓarna, musamman a wajen kifi. "Baƙon kifi" da ake yawan rubutawa bai isa ba. Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe, wannan kuwa ba ya tafiya. Kuma ba kowane kifin da aka kai wani ruwa ke yin ɓarna ba, wasu ko hayayyafa ba sa iya yi a can.

Ku dubi kogin Misisifi da na Ilinoi a Amurka. A shekarun 1970 aka shigo da wasu kifaye da Turawa ke kira carp daga Asiya don su tsabtace tafkunan kiwon kifi, sai suka tsere zuwa koguna. Ba sa farautar kowa. Baki kawai suke buɗewa suna tace ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, wato abincin da 'ya'yan kusan kowane kifi ke fara rayuwa da shi. Ɗan gida ya ƙyanƙyashe, ya tarar an riga an siɗe tukunya. A wasu sassan kogin Ilinoi yau, su ne mafi yawan abin da koma ke fitarwa.

Wani ya ba ni shawarar "ɗan mamaya". Ban ƙi ta ɗungum ba, amma mamaya aikin wanda ya taso da ƙafarsa ne, alhali waɗannan mutum ne ya ɗauko su ya zuba. "Ɗan kama-wuri-zauna" kuma 'yan jarida sun riga sun ba ta aiki a siyasa.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "ɗan kaka-gida", jam'i "'yan kaka-gida". In aka ce wane ya yi kaka-gida, an san ya shigo, ya zauna daram, ya hana masu wuri sakat, fitar da shi kuma sai an sha wuya.

Abin da ya fi ja na gare ta shi ne tana bin wuri, ba jinsin kifi ba. Giwan ruwa ɗan gida ne a Neja da Binuwai da Tafkin Chadi, shi ake alfahari da kamawa a Matan Fada ranar bikin Argungu. Amma da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya cika tafkin, kimanin jinsi 200 na ƙananan kifayen wurin suka ɓace. Karfasarmu ma da aka kai can ta ture 'yar uwarta da mutanen yankin ke kira ngege. Sai mu ce: giwan ruwa ɗan gida ne a Argungu, ɗan kaka-gida a Biktoriya.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, haka kuke amfani da kaka-gida a wajenku? Sarkawa kuma, in kuna da sunan da kuka riga kuka ba irin wannan kifi a bakin ruwa, ku kawo, naku zai fi nawa.