Shirin kai tsaye kan haɗa kunshin Debian: rubutu ba ya karantuwa, murya na kakkatsewa

Ɗan Zango: Salamu alaikum ƴan zaure. Masu kallon shirinmu na haɗa kunshin .deb, wato fayil ɗin da ake saka manhaja da shi a tsarin Debian, suna kuka da abu biyu: haruffan da ke kan allo sun dushe, kuma da an fara gina kunshi sai hoto ya riƙa tsayawa. OBS Studio, manhajar watsa shiri kai tsaye, muke amfani da shi. Wace dabara kuke da ita?

Na-Birni: Wa alaikumus salam ƙanena. Dushewar haruffa ba laifin reso ba ne, ragewar hoto ce. In allon ordinatarka 1920x1080 ne, OBS kuma yana matse shi zuwa 1280x720, siraran layukan haruffa su ke fara lalacewa. Ka mai da allon kansa 1280x720, girman shiga da na fita su zama ɗaya. Haruffan taminal ka kai su 18 ko 20, faɗi kada ya wuce harafi 80, domin yawancin masu kallo a waya suke. Hoto 15 a daƙiƙa ya isa, ba wasan ƙwallo kake nunawa ba. Da kilobit 1500 na hoto da 128 na murya, awa guda za ta ci kusan mega 730. Ka lissafa forfenka a kan haka.

Malama ta Sabon Gari: Tsayawar hoton kuwa, dpkg-buildpackage, mai gina kunshi, da x264, mai matse hoto, ne ke kokawa a kan farosesa ɗaya. Mai gina kunshi yana kwashe duk ƙarfin injin, OBS ya rasa abin matse hoto. Ka rubuta DEB_BUILD_OPTIONS="parallel=2" kafin umarnin ginin don taƙaita shi ga aiki biyu a lokaci guda, ka sa nice -n 19 tsakaninsa da umarnin don OBS ya samu fifiko. In katin hoton injin na karɓar VAAPI, hanyar matse hoto da katin, mai da aikin matsewa can. In ba ya karɓa, bar x264 a kan veryfast.

Sannan kada ka sauko da kome daga intanet ana cikin shiri. sbuild ko pbuilder, masu gina kunshi a keɓantaccen wuri, suna janyo kunshin da ake dogaro da su, su cinye layin da shirin ke bi. A kafa apt-cacher-ng, mai ajiye kunshin da aka sauko da su, yana saurare a ƙofa 3142, a gina kunshin sau ɗaya tun da rana, da dare kome na gida.

Ɗan Zango: Madalla, Malama. To faifan da muke ɗorawa daga baya fa? Wanda YouTube ya adana muke saukewa.

Na-Birni: A'a, wannan shi ne mafi muni, duk yankewar reso tana ciki. Ka danna ɗauka a OBS lokaci guda da watsawa, faifan ya zauna a injinka. Kuma fayil ɗin ya zama nau'in MKV, ba MP4 na gargajiya ba. MP4 sai an rufe shi yake rubuta jadawalin abin da ke ciki. In kuran ya ɗauke kafin nan, fayil ɗin ba zai buɗu ba. MKV kuwa abin da aka ɗauka ya ɗauku. Daga baya akwai wurin juya shi zuwa MP4 a cikin OBS, ba tare da an sake matsewa ba.

Mai gyaran rediyo: Ku bar ni in yi maganar murya, don mutum zai jure hoto mara kyau, ba zai jure ƙara ba. Makirufon jikin ordinata a bar shi, fankar injin yake ji da bugun madannai. Ko na kunnen waya ya fi shi. Tazarar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace gefe saboda iskar "f" da "b". A zafin Afrilu ba mai kashe fanka, to a juya ta kada ta bugi makirufo, a sa RNNoise, matatar hayaniya da ke cikin OBS, a bi ta da mai tsaida ƙara a -3 dB. Magana ta riƙa yawo wajen -12 dB. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana amsa kuwwa: a shimfiɗa darduma, a rataya bargo a bangon da ke fuskantar mai magana. Kome na sauti a kan 48 kHz. Muryar baƙon da ya shigo ta manhajar kiran bidiyo ta Jitsi a ba ta layinta daban a faifan, in ta yi ƙasa a ɗaga ta ita kaɗai.

Malama ta Sabon Gari: Daidaita ƙarfin murya bayan an gama: ffmpeg -i shiri.mkv -c:v copy -af loudnorm=I=-16 -ar 48000 fita.mp4. Kada a manta -ar, loudnorm yana ɗaga sautin zuwa 192 kHz. Wani abu kuma, a gina da dpkg-buildpackage -us -uc, kada makullin GPG na sa hannu a kunshi ya nemi kalmar sirri a gaban jama'a. Ga masu koyo, kunshin hello ya fi, yana ginuwa nan take, sai a yi amfani da lokacin kan debian/control, fayil ɗin bayanin kunshi, da ƙorafin lintian, mai duba kurakuran kunshi.

Ɗan Zango: Allah ya saka da alheri. Yaya Na-Birni, inji mai farosesa biyu zai ɗauki watsawa da ɗauka tare?

Na-Birni: Zai ɗauka in ka zaɓi ɗaukar ta yi amfani da matsewar watsawa, aiki ɗaya kenan. Ginin kunshin kuma a kai shi wani inji ta ssh, hanyar sarrafa inji daga nesa.