Fita da tsofaffin motoci zuwa Damagaram: me za a duba?

Mai 504 Coupé:
Salamu alaikum. Ƴan ƙungiyarmu na shirin fita daga Maradi zuwa Damagaram a jere, mu yada zango Tasawa. Me ya kamata a duba kafin a tashi?

Bakanike:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Zafi ne babban abin tsoro. A wanke radiyata, a matsa tiyo da hannu: in ya yi laushi ko ya tsattsage, a canza. Bel ɗin fanka kada ya lotsa fiye da santimita 1 in an danna da yatsa. Kuma don Allah kada a buɗe murfin radiyata injin na da zafi, ruwan zai ƙona mutum.

Mai Marsandi:
Ku tashi bayan asuba. Man kwalba na bakin hanya yakan zo da datti, ya toshe karbureta, mota ta riƙa shaƙewa. Kowa ya riƙe matatar mai guda ta ajiya.

Bakanike:
Haka ne, Malam. A duba shekarun taya ma. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun da ya fara da DOT a gefenta, misali 2318, na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2018. Tsohuwar taya na fashewa a kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba.