Motar ɗaukar su Baba da Hajiya

Jiya a majalisarmu nan Garwa an sha gardama kan motar hannu da ta dace da tsofaffi, ga abin da na tsinta. Kowa ya yarda tsayin kujera ne kan gaba, Hilux ta yi tudu sai an ciccibi Hajiya, Carina kuma ta yi ƙasa mai ciwon gwiwa in ya zauna tashi ya zama aiki, shi yasa yawanci suka ce RAV4 ko Picnic, ni dai Picnic ɗin ta fi kwanta min. Kilim dole ne, zafin Afirilu ba wasa ba. Wani makanike yace a duba shokozoba da takardun duwan, kuma a je da tsohon ya gwada shiga da kanshi kafin a biya ko dala.