Fulawa mai rodi-rodin ganye a ɗakin ƙauye: wa ya taɓa haye hunturu da ita?

Amarya, daga wani ƙauye a Ɗambatta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa riƙe fulawar nan mai faffaɗan ganye, kore a gefe da rodi-rodin fari a tsakiya, wadda masu saida shuke-shuke a Kano suke kira difenbakiya. Yayata ce ta haɗo min da ita cikin kayan jere. Da damina ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan. Tun da hunturu ya shigo kuwa, bakin ganyen sai bushewa yake, sabon ganye yana fitowa ƙarami, farin ma ya ragu. Ɗakina rufin kwano ne, taga ɗaya, tana kallon yamma, kuma kullum labule a sake saboda ƙura. Bayanan da nake gani a intanet duk na masu falon gilashi ne. Ni ina son in ji daga bakin wanda yake ɗibar ruwa a tuƙa-tuƙa kuma yake da awaki a tsakar gida. Don Allah kowa ya faɗi yadda tasa ta kasance.

Maman 'yan biyu, Ringim

Wa'alaikumus salam amarya. Labulen nan shi ne rabin matsalarki. Tawa ta yi wannan ramar lokacin da take ƙuryar ɗaki kusa da gado. Da na dawo da ita bakin ƙofa, inda haske yake shigowa amma rana ba ta dukanta, ganyen da suka fito bayan nan da farinsu suka fito. Tsofaffin da suka riga suka dushe ba su dawo ba, kada ki jira su. Sababbin za ki zuba wa ido.

Malamin kimiyya a makarantar sakandare, Kazaure

Abin da Maman 'yan biyu ta faɗa haka yake, bari in ƙara da dalilinsa. Koren da ke jikin ganye wani sinadari ne da shuka take kama haske da shi ta haɗa abincinta. Wurin da ya yi fari babu sinadarin, ko kuwa kaɗan ne. Saboda haka ganye mai rodi-rodi da ɗan ɓangarensa kawai yake aiki, ya fi koren ganye zalla buƙatar haske. In kika ajiye ta a duhu sai ta riƙa fitar da ganye mai yawan kore don ta rayu. A ɗaya gefen kuma, farin nan shi ne ya fi saurin ƙonewa in rana ta dake shi kai tsaye. Asalinta daga dazuzzukan yankin zafi na nahiyar Amurka ne, tun daga Meziko har ƙasashen kudu, kuma a ƙarƙashin manyan bishiyoyi take girma: haske a tace, iska da danshi, zafi daidai. Mu kuwa a watan Janairu danshin iskarmu da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Da hantsi ki tsaya inda kike son ajiye ta, ki buɗe littafi. In kina iya karatu ba tare da kin matse ido ba, kuma in kin ɗaga hannu kina ganin inuwarsa a bango amma ba mai kaifi ba, wurin ya yi. In babu inuwa sam, duhu ya yi yawa.

Akwai kuma abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in lura. A nan ƙasarmu rana ba hanya ɗaya take bi duk shekara ba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta tana karkata arewa, sauran watanni kuma kudu, ta fi yin ƙasa a Disamba. Barandata tana kallon kudu. Da damina inuwa ce wuni guda, amma da hunturu rana tana shigowa har gindin bango. Wurin da ya dace da shuka a Yuli zai iya ƙona ta a Disamba. Tagarki ta yamma ma ki kula da ita, ranar la'asar da bazara ba ta da sauƙi.

Hajiya, Birnin Kudu

'Yata, ni na daɗe da ita, kuma ruwa ne na ga yana kashe wa mutane. Mace ta ga bakin ganye ya bushe sai ta ce ƙishi ne, ta yi ta ɗura mata safe da yamma. Alhali iska ce ta busar da bakin ganyen, ƙasar kuwa jiƙe take. Ga sanyi, saiwar ba ta sha sosai, sai ta ruɓe. Alamar ruɓa: ganyen ƙasa su yi ruwan ɗorawa, gindin karan ya yi laushi, ƙasar ta riƙa wari. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ɗaya da rabi. In kin ji danshi ki ƙyale ta. In ta bushe ki zuba sosai har ya fito ta ƙasa, ki zubar da wanda ya taru. Da hunturu takan yi kusan mako ban ba ta ba. Da bazara kuwa, a watan Afrilu, ba ta kwana uku.

Kuma da asuba kada ki ba ta ruwan randa mai sanyin nan. Ki bari hantsi ya yi.

Manomin rani, Kura

Hajiya ta gama magana a kan ruwa, ni ƙasa zan taɓa. Matata ta kawo irinta daga Kano a baƙar leda, ƙasar ciki laka ce, in ta bushe sai ta daskare. Na haɗa mata wata: rairayin rafi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ɓuntun shinkafa kashi ɗaya. Ɓuntu a nan Kura ba abin nema ba ne, ku na wajen Haɗejia ma haka. In an ɗan babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba ya fi kyau, yana sa ƙasa ta yi sako-sako ruwa ya wuce. Takin kuwa sai wanda ya shekara, ya zama gari, ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, takin da bai ruɓe ba kuma gara yake jawowa. A ɗakin ƙasa gara ba abin wasa ba ce, don haka a ɗora tukunyar a kan bulo ko dutse, kada ta zauna a daɓe.

Takin zamani ina da shi a gida buhu-buhu, amma a tukunya 'yan ƙwayoyin NPK kawai nake sawa a gefe, nesa da kara, shi ma da damina. Yuriya ba na kai ta kusa. Da hunturu ba a sa komai, shukar hutawa take.

Amarya, Ɗambatta

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka. Baba na Kura, tawa a bokitin fenti take. Ya yi, ko sai na canja?

Manomin rani, Kura

In an huda ƙasansa wuri huɗu ko biyar ya yi. Tukunyar ƙasa ta fi shi sanyi da bazara kuma ba ta riƙe ruwa, sai dai za ki fi yawan ban ruwa. In za ki saya, ranar Lahadi kasuwarku take ci, ki nemi wadda ta ɗara bokitin kaɗan, a huda miki. Amma kada ki canja yanzu, ki bari damina ta faɗi.

Ma'aikaciyar lafiya, Gumel

Ku yi haƙuri zan katse ku, domin akwai abin da ya fi kyan ganye muhimmanci kuma ba wanda ya ambata. Shukar nan dangin gwaza ce. Duk wanda ya taɓa cin gwazar da ba ta nuna ba ya san ƙaiƙayin da take sawa a maƙogwaro. Irin wannan sinadarin ne a cikinta, ƙananan allurai da ido ba ya gani, sai dai nata ya fi tsanani. Yaro in ya tauna ganyen ko karan, nan take baki zai ɗau zafi, yawu ya yi ta dalala, leɓe da harshe su kumbura, wani lokaci murya ta ɗauke na wani ɗan lokaci. Na taɓa karɓar yaro mai rarrafe da aka kawo haka, uwar ba ta ma san daga ina abin ya fito ba sai da ta ga guntun ganye a hannunsa. Ya warke, alhamdu lillahi, yawanci ma ana warkewa. Amma in kumburin ya kai maƙogwaro zai iya taɓa numfashi.

Abin yi: a cire abin da ya rage a baki, a goge da tsumma mai tsabta, a kuskure da ruwa, a ba shi ruwan sanyi ko madara kaɗan-kaɗan in yana iya haɗiya. Kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja kamar yadda aka saba. In harshe ya kumbura, ko ya kasa haɗiya, ko numfashi ya canja, a tafi asibiti ba jira. In ruwanta ya shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta na kamar minti 15, sannan a je a duba.

Ra'ayina a fili: gidan da ke da mai rarrafe, ko dai a ɗaga ta inda hannu ba ya kaiwa, ko a ba wa wani riƙo har yaron ya yi wayo. Amarya, gidan yawa ne ko ke kaɗai? 'Ya'yan facaloli ma suna shiga ɗaki.

Maman 'yan biyu, Ringim

Gaskiya ne Anti. Ni akuyata ce ta fizgi ganye ɗaya ran da na fitar da ita shan iska. Wuni ta yi tana zubar da yawu ba ta ci komai ba, sai washegari ta dawo daidai. Tun daga nan ba na fitar da ita sai awaki suna ɗaure.

Wani magidanci, Maigatari

Ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba. Ruwan da ake saye a jarka, a zuba wa abin da ba a ci, kuma ga guba. Zogale ko lalle ba su fi ba?

Hajiya, Birnin Kudu

Malam, zogale yana nan a bayan ɗaki, ba a hana shi wurinsa ba. Ruwan da take sha bai kai buta ɗaya ba, kuma ni ruwan alwala nake tara mata a roba, wani lokaci ruwan wankin shinkafa. Na wanke-wanke ne ba na ba ta saboda sabulu da maiƙo. Macen da take wuni a cikin gida, daga Nuwamba har Mayu ba ta ganin kore ko'ina sai ƙura da kara, in ta ɗaga ido ta ga ganye shar a ɗakinta tana jin daɗi, kuma wannan ma dalili ne.

Ɗalibar aikin gona, Rano

Maganar ruwa ta tuna min. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu yana da gishiri-gishiri. Za ki ga farin abu yana taruwa a bakin tukunya da saman ƙasa, shi ma yana ƙona bakin ganye. A gidanmu da damina muna tarar ruwan sama a ba ta, kuma lokaci-lokaci mu kwarara mata ruwa da yawa ya wanke ƙasar ya fice.

Sai ƙwari. Da hunturu ki riƙa juya ganyen kina duba bayansa. In kin ga ɗige-ɗige masu launin ƙasa da 'yar siririyar yana, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne dangin gizo-gizo, busasshiyar iska suke so. Akwai kuma farare da suke maƙalewa a hammatar ganye kamar ɓurɓushin auduga. Duka biyun tsotse ruwan shuka suke. Tsumma mai laushi da ruwa, a goge gaba da baya duk mako, shi ya fi komai yi min aiki, ga shi yana cire ƙurar da ke tare haske. In sun yi yawa sai in daka 'ya'yan darbejiya, in jiƙa su kwana, in tace, in sa ɗan sabulu kaɗan, in fesa da yamma a waje, in maimaita bayan mako. Maganin feshin gona kada a kawo shi ɗakin kwana.

Maman 'yan biyu, Ringim

Ni kullum da safe ina yayyafa wa ganyen ruwa, kuma ina ganin amfaninsa.

Malamin kimiyya, Kazaure

Yana wanke ƙura, wannan na yarda. Amma danshin ba ya daɗewa, iskar hunturu tana shanye shi kafin ki gama shara. Abin da na ga ya ɗan fi shi: a tara tukwanen wuri ɗaya kusa da randa, inda ƙasa take da laima kullum, kuma a kawar da su daga bakin ƙofar da iska take bugowa da dare. Sanyin asubar Janairu yana sauka har wajen digiri 12 ko 13, ita kuwa ta fi sakewa tsakanin 18 da 27. Kaskon garwashi ma a nisanta shi da ita. Duk da haka sai bakin wasu ganyen ya bushe. Nawa ma suna yi duk shekara, in datse da almakashi, da damina ta murmure.

Tela, Wudil

Tawa a shago take, ta yi tsawo har ganyen ƙasa suka zube, ya rage dogon kara da tuntu a sama. Wani mai saida fulawa ya nuna min yadda ake yi. Farkon damina na sa leda a hannu saboda ruwanta yana sa ƙaiƙayi, na yanke kan da ganyensa na tsoma a kwalbar ruwa. Sauran karan na yanka gunduwa-gunduwa, kowace da gaɓa biyu, na bar su suka sha iska wuni ɗaya, na kwantar da su a rairayi mai danshi, rabi a binne rabi a waje, a inuwa. Bayan 'yan makonni idanun suka fara toho. Kututturen da na bari a tukunya shi ma ya fito da sababbi. Wuƙar a wanke ta da sabulu, kada ta koma kicin haka nan. Ruwan kwalbar kuma a riƙa canja shi duk bayan kwana biyu ko uku, don sauro yana ƙyanƙyasa a ciki, mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi. Yanzu ina da ƙanana a ledoji fiye da buƙatata. Duk wanda yake shigowa kasuwar Wudil ranar Juma'a kuma ba shi da ƙaramin yaro a ɗaki, ya yi min magana in ajiye masa ɗaya.