Hotunan agwagin Ha'ir sun ƙi fita tas, ku taimaka min da shawara

Ɗan Manfuha: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗaukar agwagin daji a rafin Ha'ir, kudu da Riyadh, inda ruwan Wadi Hanifa ke taruwa cikin dogayen ciyayi. Kyamarata mai ƙaramin sensa ce, megafiksel 24, lens ɗin kuma mai tsawon milimita 150-600, na hannu na saya, mai shi ya rantse bai taɓa faɗuwa ba, da kwalinsa da rasit da murfi biyu, har da gilashin kariya ɗaure a bakinsa. Ina barin ISO (ƙarfin jin haske na sensa) a 100 don kada hoto ya yi tsaki, shota (saurin ɗauka) 1/500 na daƙiƙa, ƙofar haske f/6.3, lens a tsawon 600. A fuskar kyamara hoton lafiya lau, da na buɗe a kwamfuta sai idon ya zama dishi-dishi, koren kan namijin ya koma baƙi, farin wuyansa kuma ya ƙone. Na sa hotuna shida a zauren nan makon jiya, ban samu komai ba sai "Masha Allah". Lens ɗin ne ya lalace, ko in sayi abin nan da ke ninka tsawon lens sau 1.4? Agwagin baƙi za su tafi cikin Maris, hankalina a tashe yake.

Alhaji Sabo: Wa alaikumus salam. Yaro, ba ka faɗi abu biyun da suka fi komai ba: ƙarfe nawa kake ɗauka, kuma tazarar mita nawa? Amma hoton ya tona maka asiri. Inuwar agwagwar na ƙarƙashinta, ke nan rana ta take. Da hantsi ya ɗaga, ƙasa da laka sun yi zafi, iskar da ke samansu sai ta riƙa rawa kamar kawalwalniya, lens mai tsawo kuwa ita yake tarowa gaba ɗaya. Ko na riyal dubu 50 ka ɗaura haka zai fito. A Janairu rana na fitowa wajen 6:40 a Riyadh. Ka yi asuba a hanya, ka zauna kafin gari ya waye, ka tattara kayanka da 8:30.

Shotarka ma ta yi kaɗan. 600 a ƙaramin sensa kamar 900 ne, 1/500 ba zai riƙe rawar hannunka ba, balle motsin tsuntsu. Mai iyo 1/1250, mai tashi 1/2500. Ƙofar haske ka mayar f/8, irin waɗannan lens ɗin sun fi kaifi a nan. ISO ka sake shi ya hau da kansa har 3200. Tsaki ana rage shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza ba shi da magani. Ka kwance gilashin kariyar nan, mai araha yana cin kaifi, ka bar bututun inuwa a bakin lens, shi ma kariya ne.

Ɗan Manfuha: Na gode Alhaji. Amma ni Juma'a kaɗai nake da hutu, wanda ke kai ni kuma ba ya fita sai tara. ISO 3200 a kyamarata ba ya kallo. Kuma lens ɗin yana da na'urar hana girgiza, ai don haka aka yi ta.

Alhaji Sabo: Hannunka take tsayarwa, ba ta tsayar da agwagwa.

Maman Hanan: Ƙanena, batun koren kai ba laifin kyamara ba ne. Launin nan sheƙi ne, sai haske ya bugi gashin ta inda ya dace yake bayyana. Ka sa rana a bayanka, inuwarka ta miƙe wajen tsuntsun, ka jira ya juyo da kai kaɗan har ka ga ɗigon haske a idonsa. Farin wuya kuwa, ruwa mai duhu ne ke yaudarar ma'aunin haske, sai kyamara ta ƙara. Ka rage hasken zuwa -0.7, ka kunna alamar da ke ƙyaftawa inda fari ya ƙone, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. Sannan duk hotunanka daga tsaye ne, shi ya sa ake ganin gadon bayan tsuntsu da laka. Sauka ƙasa, lens kamar taƙi ɗaya sama da ruwa, bayan zai narke. Shimfiɗa leda mai kauri, don mafi yawan ruwan nan na gari ne da aka tace aka sako, kada ka tsoma hannu ka kai baki.

Usman Jubail: Gaskiya ni ban yarda da zargin zafi kaɗai ba. A hoto na huɗu ciyawar da ke gaban agwagwar ta fito tas, ita ce ba ta fito ba. Wannan fokas ne. Sa shi a AF-C, wato fokas mai bin motsi, ɗigo ɗaya na tsakiya, a kan ido. In ka bar kyamara ta zaɓa, abin da ya fi kusa za ta kama. A gwada lens ɗin a huta da gardama: manna takardar riyal 5 a bango, ja baya mita 10, ɗora kyamara kan abu mai ƙarfi, kashe hana girgiza, sa jinkirin daƙiƙa 2. Ɗauki uku ta ramin leƙawa na ido, uku ta fuskar bayan kyamara. In na fuskar baya sun fi kaifi, fokas ɗin ne ke sauka gaba ko baya, ana daidaita shi. In duka shida sun yi kyau, lens ba shi da laifi. Kuma ka nemi abin ɗora kyamara mai ƙafa uku mai ƙarfi, lens ɗin ya kusa kilo 2.

Alhaji Sabo: Ƙafa uku a bakin Ha'ir? Kafin ya gama warware ta garken ya tashi. Ya cika tsohuwar rigar matashin kai da shinkafa kilo 2, ya ɗaure, ya ɗora lens a kai, a ƙasa ko a tagar mota. Tsuntsu bai cika tsoron mota ba kamar mutum a tsaye, sai dai a kashe inji, don zafinsa ma na sa iska rawa. Usman kullum gwajin bango, tsuntsu ba bango ba ne.

Bala Direba: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya a zauren nan shi ne "Masha Allah" da alamar wuta. Mutum ya roƙi gyara, a ba shi yabo. In ka ce kan tsuntsun ya yi duhu, a ce hassada. Su ma masu turowa da nasu laifin: ba saiti, ba lokaci, kuma a turo ta WhatsApp a matsayin hoto, ya matse shi har gashin ya narke. A turo a matsayin fayil, a rubuta shota da ISO a ƙasa, a yi tambaya guda. Sai masu zuwa da burodi suna watsawa a ruwa, da masu babur mai ƙafa huɗu da ke kutsawa cikin ciyayi ranar hutu. Wa zai ɗauki abin kirki a haka?

Maman Hanan: Bala, a bar babur tukuna. Ƙanena, ka koyi halinsu ka daina bin su. Zauna wuri ɗaya da kaya masu launin ƙasa, bayan minti 20 zuwa 30 su za su matso. Wadda ta gama wanka tana tsoma kai, ka shirya, yanzu za ta miƙe ta kaɗa fikafikai. In suka miƙe wuya suna gyaɗa kai, tashi za su yi, kuma iska suke fuskanta, don haka in iska da rana duk suna bayanka, wajenka za su taso. Mai koren kai da mai baki kamar cokali tsalle ɗaya suke yi sama, ka bar fili a saman hoton. Masu nutso sai sun yi gudu a kan ruwa, su fili a gabansu. Mai koren kai ma ana ganinta a Ha'ir duk shekara, sai dai da zafi namiji kan zubar da ado ya yi kama da mace.

Ɗan Manfuha: Yaya, kwanciya a ƙasa da wuya, daga can masallaci nake wucewa. Tazarar kamar mita 60 ce, ina yanke hoton ne ya cika. Shi ya sa nake ganin abin ƙara tsawon zai taimaka.

Alhaji Sabo: Mita 60! To ga cutar. Ƙasa da 20 ake nema. Na 1.4 zai kai ka 840 amma ƙofar ta koma f/9, haske ya ragu da rabi, fokas ya yi ta kai-komo ko ya ƙi gaba ɗaya, rawar iskar ma ya ƙara girmama ta. Kuɗinsa ka ba mai mota ya ɗauke ka da asuba. Kuma kada ka juya dogon lens wajen gine-ginen hukuma ko iyalan da suka fito shan iska, kada ka canza lens a fili ranar ƙura.

Usman Jubail: Ya dai yi gwajin takardar kafin komai. In ya samu hutun kwana biyu ya gwada tafkin Asfar a Ahsa, gabashin Saudiyya, amma sai da mota mai jan ƙafa huɗu saboda yashi.

Ɗan Manfuha: Allah ya saka da alheri. Zan yi gwajin in na samu ƙafa uku aro. Amma har yanzu zuciyata na ba ni lens ɗin ne, don wani ya ɗauka da rana a wurin, nasa kuma ya fito. Akwai wanda ya san nawa ake sayar da na 1.4 na hannu a kasuwar Batha ta Riyadh?