Wanda ya buga wasan da yaron Aboabo ya haɗa, ya zo ya faɗi yadda ta kaya

Mai gyaran waya, Aboabo

Salamu alaikum jama'a. Tun bayan ƙaramar Sallah wasan nan da ɗan yayata ya haɗa yake yawo a filash daga hannu zuwa hannu, kuma duk wanda ya shigo shago sai ya tsaya ya zube mini ƙorafinsa ko yabonsa, alhali ba ni na yi ba. To ku faɗa a nan, shi ma yana karantawa.

Ga wanda bai san kan zancen ba: da Zelda Classic ya yi shi, manhajar kwamfuta da wani masoyin wasan ya fara a 1999 don kwaikwayon Zelda na farko, wanda Nintendo ta fitar a Japan a 1986. Tana zuwa da ZQuest, inda kowa zai zana tasa duniyar, ya jera ɗakuna, ya zuba dodanni, ya fitar da fayil guda mai ƙarewa da .qst. Yanzu ana kiranta ZQuest Classic, kuma kyauta ce. Yaron ya bi tsarin asali, gidaje tara, kowane gida da maigidansa, wato babban dodonsa, a ɗakin ƙarshe, sai dai filin waje Kumasi ya zana. Sharaɗina ɗaya: wanda ya wuce gida na shida kada ya tona wa na baya asiri.

Tela, Sabon Zongo

Wa alaikumus salam Yaya. Ni kasuwar ce ta saye ni. Da na shiga na ga rumfuna a cunkushe, kowace hanya na bi sai in sake tsintar kaina gaban mai sayar da bokiti ɗin nan, na ce lallai wannan Kejetia ce, babbar kasuwar Kumasi, ko a gaske haka take yi wa baƙo. Dabarar irin ta dajin ɓata ce ta Zelda na asali, inda sai ka bi arewa, yamma, kudu, yamma kafin ka fita. Amma shi bai bar mutum a duhu ba. Akwai wata tsohuwa mai koko a bakin shiga, in ka sayi koko da ƙosai a wurinta sai ta ce maka ka bi warin albasa, ka bar masu yadi a hagunka, in ka ga mahauta ka juya musu baya. Kana bin maganarta daki-daki sai ga ƙofar gida na biyu. Na yi dariya ni kaɗai a shago har yaran aikina suka ɗago kai daga keke.

Makanike, Suame Magazine

Ku bar zancen koko. A yi maganar gida na huɗu. Ƙofofi huɗu ne a kulle, makulli uku ne a gidan kafin ka kai ga tsani. Ta hagu, wadda ita ce ta farko da ido zai gani, ba komai a bayanta sai kuɗi. Na buɗe ta, na kwashi kuɗina ina murna, na ci gaba, sai ga ni a gaban ƙofar ƙarshe hannu wayam. Na kashe duk abin da ke motsi a gidan, na tura kowane dutse, na fita na je na sayi makulli a kanti na dawo, ƙofa ta ce ba ta san shi ba. Ashe ya sa makullin kowane gida a gidansa kaɗai yake aiki. Ba gaba ba baya. Sai da na goge suna na faro daga tushe.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gidan nan shi ne wanda ya zana kamar Magazine, da tulin tsofaffin injina da tayoyi. A unguwata aka rufe ni.

Malama, Asawase

Sannu Malam, ni Allah ya tsare ni daga wannan ƙofar saboda 'yata ta ce kuɗi ba sa gudu, mu dawo daga baya. Tare muke bugawa da ita da ƙanenta ranar da babu makaranta, ni ina riƙe da kibod, su suna zana taswira a bayan tsohon littafin lissafi.

Namu tarkon a gida na biyar yake. Mun share gidan kaf, taswirar wasan tana nuna akwai ɗakuna a gabas, amma babu ƙofa. Bango kuma sumul, ba tsaga, ba canjin launi, ba tsoho mai ba da shawara. Bam takwas kawai ake iya ɗauka. Sai ka dasa a bango huɗu na ɗaki, ka matsa na gaba, su ƙare, ka fita waje ka yi ta kisan dodanni kana roƙon Allah ɗaya ya yar da bam, ka dawo. Yarona ƙarami ya gaji ya tafi ƙwallo, bai sake tambayar wasan ba har yau. A ƙarshe ashe ba bam ake so ba, ratsa bangon ake yi, ka tura jikinka ka riƙe maɓalli har ka wuce. Wa zai yi tunanin haka? Ni ban kira wannan wahalar wasa ba, ɓata lokacin mutane ne.

Boga, Tafo

Malama, da girmamawa, ba zan bi ki a nan ba. Ni na buga na asali a kan na'urarsa lokacin ina Jamus, kaset mai ruwan zinariya mai batir a ciki. Babu tsaga ko ɗaya a bangon wasan nan. Tsagar da kuke nema sai a na 1991, na Super Nintendo, ta zo. Mu kyandir muke ɗauka mu ƙona itatuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma shuɗin kyandir sau ɗaya yake kamawa a kowane allo, sai ka fita ka dawo. Allo 128 ne a filin waje. Wani lokaci ka sha wahala ka buɗe kogo, tsohon da ke ciki ya caje ka kuɗin gyaran ƙofarsa. Ratsa bango kuwa ba yaron ne ya ƙirƙiro ba, yana cikin zagaye na biyu na wasan asali, wanda ke buɗewa in ka gama na farko ko ka rubuta ZELDA a wurin suna. Yaron ya san tarihin abin da yake yi. Yaran yanzu an saba musu da kibiya mai nuna hanya.

Batun makulli dai Makanike ya yi gaskiya. A na asali makullin kowane gida yana buɗe na wani, kuma ana sayarwa a kanti, shi ya sa ba ka taɓa maƙalewa.

Malama, Asawase

Baba, ai ka kawo hujjata da bakinka. Zagaye na biyu ka ce, wato na wanda ya riga ya gama wasan ya san halinsa. Kuma ku da kuka saya a kwali, an haɗa muku da ɗan littafi da taswira, ga abokai da mujallu kowa na faɗa wa kowa abin da ya gano. Mu fayil kawai aka miƙo mana a filash. Wanda ya gina gida ya san inda ya ɓoye ƙofa, to in bai bar wa baƙo ko alama ɗaya ba, da wa yake wasan? Shi da kansa ya nuna ya iya, ga tsohuwa mai koko nan. Me ya hana a samu irinta a gida na biyar?

Boga, Tafo

To ai ga shi muna faɗa wa juna yanzu. Amma na ji ki, tsoho ɗaya a ɗakin kusa ba zai rage wa wasan komai ba.

Mai pragya (keke mai ƙafa uku), Akwatia Line

Ni ban kai can ba, a waya nake lallaɓawa ta burauza in fasinja sun yi ƙaranci, kuma yatsa a kan gilashi ba ya jin magana. Amma tafkin nan! Maimakon kwale-kwale ya ba ka katako guda ka hau, irin wanda masunta ke hawa a tafkin Bosomtwe suna tuƙi da hannu. Na taɓa zuwa can yawon Sallah, ina gani na gane. Allah ya yi wa yaron albarka.

Ɗalibi, jami'ar KNUST

Ni na gama shi, don haka zan yi a hankali. Abin da ba a ambata ba shi ne yadda wahalar take tsalle. Gida na ɗaya zuwa na uku kamar ana rarrashinka, maigidan na biyu ma Dodongo ne, ka ciyar da shi bam ya faɗi. Kana shiga na shida sai ɗaki na uku ya rufe ka da Darknut shuɗaye, waɗanda takobi ba ya cin su ta gaba, ga Wizzrobe suna ɓullowa suna harbi, ga Like Like biyu a lungu suna jiran su haɗiye ka su cinye babbar garkuwa. Kowannensu shi kaɗai abin koyo ne: Darknut ka koyi zagayawa ta gefe, Wizzrobe ka koyi kauce wa layinsa. In aka zuba su wuri guda a ɗakin da ba filin juyawa, ba gwaninta ke fitar da kai ba, sa'a ce da yawan magani. Garkuwar kuma kanti ɗaya ke sayar da ita, can ƙetaren kasuwa, ga kuɗi ba sa wuce 255 a aljihu, kowace kibiya ka harba kuma ɗaya ya tafi.

Shawara ga masu laftop: wasu kibod ba sa karɓar maɓalli uku a lokaci guda, shi ya sa kuke jin takobi ya ƙi fita kuna tafiya. Ku nemi pad na USB a Adum, ko na hannu ne. Da na sa pad ɗakin nan bai zama mai sauƙi ba, amma aƙalla na san ni ne nake mutuwa ba na'ura ba.

Yabo kuma: gida na takwas shi ne mafi kyau a wasan duka. Ba zan ce komai ba sai dai ku riƙe sarewa kusa.

Mai gidan gem, Alabar

Nawa ƙorafin na masu wuta ne rabi, na yaron rabi. Kwamfutocina na tebur ne, ba batir. Wasan ba ya ajiye kansa, sai ka mutu ko ka danna F6 ka zaɓi ajiyewa. Wani yaro ya biya kuɗin awa biyu, ya kashe maigidan gida na uku, yana tsallen murna wuta ta ɗauke. Da ta dawo yana bakin gida na biyu. Kuka ya yi mini sosai, sai da na ƙara masa lokaci kyauta. Yanzu na manna takarda a saman kowane allo: F6 bayan kowane makulli. Tun zamanin dumso na 2015, lokacin yawan ɗauke wuta, ban yi irin wannan gargaɗin ba.

Wani abu kuma, yaran da ko kallon wasan da ba ƙwallo ba ba sa yi, yanzu suna layi a kansa saboda sun ji ana Hausa a ciki. Yaya, me zai hana ya sa masa kuɗi, ko sidi biyar ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya?

Ɗalibi, KNUST

Alhaji, kada ma a fara. Hotunan dodanni da kiɗan da sunan duk na Nintendo ne, kuma ba sa wasa da kayansu. A 2016 sun sa an sauke AM2R, kwaikwayon wasansu na Metroid da wani masoyi ya shafe shekaru yana haɗawa, 'yan kwanaki bayan fitarsa, alhali kyauta yake rabawa. Balle a ce ana karɓar kuɗi. In yana son ya ci abinci da wannan baiwar, ya zana nasa jarumin da nasa dodannin, ya sa nasa kiɗan. Kasuwar da tafkin ai nasa ne tun asali.

Mai wasan

Salamu alaikum iyayena da yayyena. Kawu ya ce in yi shiru sai kowa ya gama, na yi. Na gode ƙwarai.

Mu biyu ne muka gwada shi kafin ya fita, ni da abokina wanda yana zaune kusa da ni lokacin da nake zana ɗakunan. Duk mun san ƙofar hagu ta kuɗi ce, ba wanda ya taɓa buɗe ta da wuri. Yaya Makanike, na cire kullen ƙofar gaba ɗaya, yanzu bam ke buɗe ta. Ɗakin gida na shida na rage Wizzrobe, na fitar da Like Like zuwa ɗakin gaba, na kuma sa mai sayar da garkuwa kusa. Alhaji, na sa wurin ajiyewa a bakin kowane gida.

Bangon gida na biyar kuwa, Malama ki yi haƙuri, ba zan sa tsaga ba, domin tsaga tana cewa a sa bam ne, kuma ba bam ba ne. Abin da na yi, na sa jemagu suna fitowa ta daidai wurin suna komawa, kuma tabarmar ƙasan ɗakin ta miƙe har ta shige ƙarƙashin bangon. Baba Boga, ina fata wannan bai zama kibiya mai nuna hanya ba.

Malama, Asawase

Madalla ɗana. Ni da 'yata mun riga mun san wurin, gwajinmu ba zai nuna komai ba. Akwai 'yar maƙwabciyata da ba ta taɓa ganin wasan ba, ita zan zaunar a gaban ɗakin in kame bakina. In ta ratsa da kanta zan faɗa maka, in ta fara dasa bam ma zan faɗa maka.

Mai gyaran waya, Aboabo

To sabon fayil yana wurina. Mai so ya zo da filash bayan Juma'a, kuma ya ce a buɗe sabon suna, kada a ɗora a kan tsohuwar ajiya.

Makanike, Suame Magazine

Wato in sake farawa daga tushe kenan? Ni da na kai gida na shida jiya da dare. Ɗalibi, kafin in goge, faɗa mini ta akwatin sirri: hannun nan da ke fitowa daga bango ya mayar da mutum bakin ƙofa, akwai yadda ake wuce shi a dogon ɗakin nan, ko gudu kawai ake yi?