Shatar jirgi don kai lefe daga Kano zuwa Maiduguri: mutum 12, akwati 18

Yayar Ango:
Assalamu alaikum. Za a kai lefe Maiduguri a watan Afrilu, a je a dawo rana ɗaya. Mutum 12 ne, yawanci iyaye mata, da akwati saiti uku, wato guda 18. Wani dillali ya ce a ɗauki jirgi ƙirar Hawker 800XP guda biyu, wani ya ce ƙirar Caravan ta fi sauƙin kuɗi. Masana a taimaka.

Mai Lodin Jirgi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a yi maganar kuɗi da kowa, a samo sikeli da tef ɗin tela. A auna nauyin kowane akwati bayan an cika shi, a auna tsawo da faɗi da kaurinsa har da tayoyi, a rubuta a takarda ɗaya. Wannan takardar za ki tura wa kamfani.

Dalili kuwa, abu uku ke hana kaya shiga jirgi: nauyi, girman ma'ajiya, da faɗin ƙofa. Babban akwatin saiti yakan kai santimita 80 a 55 a 35. Idan aka haɗa manya da ƙanana, guda 18 za su ci wuri kusan kubik mita 2, kuma akwati mai tauri ba ya lanƙwasa, sai a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na gurbin da zai tafi a banza. Ma'ajiyar Hawker 800XP ba ta wuce kubik mita ɗaya da rabi ba, kuma a cikin ɗakin fasinja take, ta ƙofar da mutane ke shiga kayan za su bi. Ko biyu kuka ɗauka, da ƙyar. A nan ake ganin lefe jibge a ƙasa gefen jirgi, rana na dukansa, uwar ango na salati, matuƙi kuma ya ce ba zai ɗora akwati kan kujera ba. Gaskiyarsa ne. Akwati mai kilo 25 da ba a ɗaure ba, in jirgi ya faɗa gargada, kan mutum zai sauka.

Tsohon Matuƙi:
Hajiya, Caravan jirgin kaya ce ta gaske. Ƙofarta ta baya ta kai mita 1.2 kowane gefe, ga rumbu a ƙarƙashin ciki mai ɗaukar kusan kilo 490. Amma a yi lissafi. Duk abin da za ta ɗauka, mai da mutane da kaya, bai wuce kilo 1,500 zuwa 1,600 ba. Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 500 ne. Da man tafiya da na ko-ta-kwana, a cire kilo 500. Matuƙa biyu, a cire 170. Ko mutum tara kawai aka ɗauka masu kilo 85, an cire 765. Abin da ya rage ko akwati takwas ba zai ɗauka ba, ga mutum uku an bar su a ƙasa. Ƙofofin rumbun ma ƙanana ne, babban akwati ba ya shiga, sai jaka mai laushi.

Sai maganar Afrilu. Zafin Maiduguri yakan haura digiri 40 da rana. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka, jirgi ya nemi doguwar hanya kafin ya ɗaga. A dawowa babu lefe, to da sauƙi. Amma tashin Kano da cikakken lodi, a yi shi da sassafe, kar a kai hantsi.

Dillaliyar Shata:
Ga wannan adadin, wanda ya fi dacewa shi ne Embraer Legacy 600. Kujera 13, ma'ajiya kubik mita 6.8 a bayan jirgi, da ƙofarta daban ta waje mai faɗin kusan mita 1. Wuri kam har ya yi yawa. Inda ake tuntuɓe shi ne nauyi: iyakar ma'ajiyar kusan kilo 450 ne. Akwati 18 a kilo 23 sun ba da 414. Idan kowace Hajiya ta zo da jakar kilo 10, an zarce. Atamfa da leshi suna da nauyin da ido ba ya gani, akwatin da aka danƙare da turmi 20 zai iya haura kilo 30.

A tambayi kamfani waɗannan a rubuce: ina jirgin yake kwana? Yawancinsu a Legas ko Abuja suke, kuma ku za ku biya zuwansa Kano babu kowa da komawarsa. Awa nawa zai jira a Maiduguri kafin a fara cajin jira? Kuɗin sauka da na ma'aikatan ƙasa suna cikin farashin? Ƙarfe nawa filin ke rufewa a ranar? Taron lefe ba ya tashi a kan lokaci, in kuka makara sai kwanan jirgi da otal ɗin matuƙa su hau kanku.

Injiniyan Jirage:
Yaya Hajiya, a duba takarda kafin a tura ko sisi. Jirgin da doka ta yarda ya ɗauki mutane don kuɗi shi ne na kamfani mai lasisin AOC, wato lasisin jigilar haya, daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Akwai masu izinin PNCF, wanda na amfanin mai jirgi ne da iyalinsa da baƙinsa kawai, amma suna bayar da haya a ɓoye da rangwame. A 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu saboda haka. Illar ita ce inshorarsu ba ta biyan diyya ga fasinjan haya, kuma binciken gyaransu bai kai tsananin na masu AOC ba. A nemi kwafin AOC da lambar rajistar jirgin da takardar inshora, a ga lambar ta zo ɗaya. Duk wanda ya ce miki "in an tambaya ku ce ku baƙin Alhaji ne", ki bar shi.

Mai Lodin Jirgi:
Na manta turare, kuma shi ne ya fi kawo rigima a lefe. Turaren fesawa yana kama wuta. Ƙa'idar fasinja ita ce kwalba kar ta wuce rabin lita, jimilla kar ta wuce lita 2 ga mutum ɗaya. A rubuta adadin kwalabe a faɗa wa kamfani tun farko. Humra da ake ɗurawa a gida takan yi yoyo idan matsin iska ya sauya, a naɗe bakin da salatif, a sa a leda biyu, a raba ta da kayan sawa. Batirin cajin waya a riƙe shi a hannu, ba ya shiga ma'ajiya.

Yayar Ango:
Allah Ya saka da alheri. An auna yau da yamma: kilo 468, biyu daga ciki sun haura 32. Mun tsayar da Legacy ɗin. Akwati huɗu mafi nauyi da na turare za su bi mota kwana ɗaya kafin tafiyar, 13 su shiga jirgi. Kamfanin ya turo AOC, muna jiran takardar inshora gobe.

Dillaliyar Shata:
Madalla. A tura musu sunayen mutum 12 ɗin yadda suke a katin shaida, awa 24 kafin tashi. Kayan kuma su isa filin awa ɗaya da rabi kafin mutane, don a jera manyan a ƙasa, a ja raga a ɗaure.